Kwamfutata ta ce babu wuri: yadda ake riƙe ƙaton matiriks da akasarinsa sifili ne

Tambaya

Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce mai karatun digiri na biyu a nan Gombe, kuma bincikena a kan ruwan ƙarƙashin ƙasa ne a yankin Dukku. Na yanka filin da nake nazari gida-gida, 500 a tsaye 500 a kwance, kowane gida mita 100, ina neman tsayin ruwa a kowanne. Da na rubuta A = zeros(250000) a manhajar lissafi ta MATLAB sai ya ƙi, ya ce babu wuri. Wata ƙawata ta ce in koma sparse, wato tsarin da ba ya ajiye sifili. Na koma, amma zagayen for da ke cika matiriks ɗin ya kwana bai gama ba, da na gwada inv(A) kuma sai kwamfutar ta daskare. RAM ɗina gigabayit 8 ne. Shin sai na nemi babbar kwamfuta?

Amsa

Wa alaikumus salam ƙanwata. Kada ki sayi komai. Kwamfutar da ke hannunki ta ishe ki wannan aikin har da rara, kuma na yi murna da ganin 'yar gida ta sa hannu a kan matsalar ruwan Dukku, inda kowa ya san zurfin rijiya da wahalar da mata da yara ke sha a bazara. Abin da ya hana ki ci gaba shi ne yadda kika ajiye lambobin, da kuma wasu umarni biyu ko uku da ke ɓarar da duk tattalin da sparse ya yi miki.

Mu fara da ƙidaya, don ki gani da idonki. Gida 500 sau 500 ya ba ki gida 250,000, saboda haka matiriks ɗinki, wato jadawalin lambobin da ke nuna alaƙar kowane gida da kowane gida, yana da layin kwance 250,000 da layin tsaye 250,000. Gurabensa biliyan 62.5 ke nan. Kowace lamba tana cin bayit 8, idan kika ninka sai ki samu gigabayit 500. Ke kuma 8 gare ki. Ko kin haɗa kwamfutocin ajinku kaf ba za su ɗauka ba. To amma me ke cikin waɗannan guraben? Ki tuna fangali a lambun fadama: ruwa daga fangali ɗaya ba ya tsallake wa ya faɗa na ƙarshen lambu, maƙwabcinsa yake shiga. Haka gidajenki suke. Kowane gida da maƙwabta huɗu kawai yake mu'amala, gabas, yamma, kudu da arewa. Don haka a kowane layi mai gurbi 250,000, guda biyar ne kacal ke ɗauke da lamba: na gidan kansa da na maƙwabtansa. Idan aka cire na bakin iyaka da ba su da cikakkun maƙwabta, jimillar lambobin gaske 1,248,000 ne, suna nan tsilli-tsilli, ragowar duk sifili. Wato kashi 0.002 cikin 100 ne kawai ke da amfani.

Mai kanti a unguwarku yana da littafin bashi. Ba ya rubuta sunan kowane mutumin Gombe ya sa sifili a gabansa. Wanda ya karɓi kaya shi ake rubutawa: wane ne, wace rana, nawa ne. Duk wanda ba ya cikin littafin an san ba a bin sa komai. Dabarar sparse ke nan gaba ɗayanta: a rubuta layin kwance, layin tsaye, da lambar da ke mahaɗarsu. John Gilbert da Cleve Moler da Robert Schreiber ne suka shigar da wannan tsari cikin MATLAB, suka bayyana shi a 1992. Yadda MATLAB ke ajiyewa a ciki shi ne ya jera lambobin layin tsaye na farko, ya bi da na biyu, haka har ƙarshe, a manne ba tazara, kowace lamba tare da shaidar layin kwancen da take, sannan ya riƙe wani ɗan jeri da ke nuna inda kowane layin tsaye ya fara. A kwamfutocin yanzu kowace lamba bayit 16 take ci, 8 nata 8 na shaidarta, kowane layin tsaye kuma bayit 8. Ki lissafa naki: megabayit 22 ne, daga gigabayit 500. Wani ɗan bidiyon da ke wayarki ya fi shi nauyi.

Wannan mannewar da babu tazara ita ce ta sa zagayenki ya kwana. Duk sanda kika rubuta A(i,j) = wani abu a gurbin da a da sifili ne, dole MATLAB ya matsar da duk lambobin da ke bayan wannan gurbin don ya buɗa wa sabuwar wuri, wani lokaci ma ya nemi sabon fili ya kwafe komai. Kamar littafin bashin nan ne da aka rubuta cike taf, aka ce sai an cusa sabon suna a tsakiyar shafi na uku. Sau ɗaya ba komai, amma ke sau miliyan ɗaya da 'yan kai kika nema. Na taɓa zama da wani ɗalibi da ya ƙona galan na fetur a janareta yana jiran irin wannan zagayen, ya ɗora kwamfutar a kan bulo biyu saboda zafin da take yi. Muka sake rubuta wajen tare, aka kawo mana shayi, kafin ya huce matiriks ya ginu. Akwai umarnin spalloc da ke tanadar wuri tun farko, yana rage kwafe-kwafen, amma matsarwar tana nan. Ni ba na ba da shawararsa sai in babu wata hanya.

Hanyar da ta dace ita ce ki tara komai a jeri uku na talakawan lambobi, ki kira sparse sau ɗaya tak. Kuma a harshe irin MATLAB, wanda aka gina don ya yi aiki a kan jeri sukutum, ko zagayen for ɗin ba kya buƙata. Ga shi, idan T jeri ne a tsaye mai ɗauke da ƙarfin wucewar ruwa na kowane gida:

k = 500; N = k*k; id = reshape(1:N,k,k);
a = id(1:end-1,:); b = id(2:end,:);
c = id(:,1:end-1); d = id(:,2:end);
p = [a(:); c(:)]; q = [b(:); d(:)];
w = 2*T(p).*T(q)./(T(p)+T(q));
A = sparse([p;q;p;q], [q;p;p;q], [-w;-w;w;w], N, N);

Ki tsaya a nan ki duba da kyau, domin a nan daɗin abin yake. Mun daina tunanin gida-gida, mun koma tunanin katangar da ke tsakanin maƙwabta biyu. Katangun nan 499,000 ne. Jerin p da q suna gaya mana wane gida ne a kowane gefen katanga, w kuma yawan ruwan da katangar ke bari ya wuce. Irin matsakaicin da na ɗauka a w yana rinjaya wajen ƙaramar lamba, kuma haka ƙasa take: idan yashi ya yi iyaka da laka, lakar ce ke yanke hukuncin yawan ruwan da zai ratsa. Kowace katanga tana zuba lamba a gurbi huɗu. Sannan sparse yana da wata ɗabi'a da mutane da yawa ba su sani ba: idan gurbi ɗaya ya maimaitu, tara lambobin yake yi, kamar mai kantin da mutum ɗaya ya zo masa sau huɗu a wuni ya haɗa masa jimilla. Saboda haka layin kusurwa, wato gurbin kowane gida da kansa, yana haɗa kansa daga katangunsa, gidan bakin iyaka ya samu uku, na lungu ya samu biyu, ba tare da kin rubuta if ko ɗaya ba. Abu guda da za ki kiyaye: idan akwai gidajen da T ɗinsu sifili ne, kamar inda dutse ya fito, ki fitar da su daga lissafin tun farko, in ba haka ba sifili zai raba sifili ya bar miki NaN, wato alamar cewa amsar ba lamba ba ce.

Da zarar ya ginu, ki rubuta whos A ki ga nauyinsa, nnz(A) ki tabbatar ya ba ki 1,248,000, sannan spy(A) ki kalli hotonsa. Za ki ga siraran layuka sun gangaro daga kusurwar sama ta hagu zuwa ta ƙasa ta dama. Idan kika ga ɗigo a inda bai kamata ba, kuskure na cikin lambobin gidajenki. Ni ba na warware matiriks ɗin da ban kalli hotonsa ba.

Yanzu batun inv(A), umarnin da ke lissafa juyin matiriks, kuma ina roƙonki ki rabu da shi har abada a wannan aikin. A ɗinki tsilli-tsilli ne, amma juyinsa cike yake maƙil. Dalilin a ƙasa yake: idan aka haƙa rijiyar burtsatse a gida ɗaya aka yi ta jan ruwa, a hankali tasirin zai bi maƙwabci zuwa maƙwabci har ya taɓa kowane gida a filin, ko da kaɗan ne. Juyin matiriks shi ne jadawalin wannan tasirin na kowa a kan kowa, don haka babu sifili a cikinsa. Kin koma kan gigabayit 500, har ma ninki biyu, tunda a tsarin sparse kowace lamba bayit 16 ce. Ke ba juyin kike nema ba, tsayin ruwa kike nema, shi kuwa h = A\b ne ke ba da shi, inda b a nan jerin ruwan da ke shiga ko fita kowane gida ne, ba b ɗin da ke cikin layukan ginin sama ba. Akwai 'yan'uwan inv da ke yin irin wannan ɓarnar a ɓoye. A + 1 yana mayar da kowane sifili ɗaya. exp(A) da cos(A) haka, domin amsarsu a kan sifili ɗaya ce. A == 0 yana amsa "e" a gurbi biliyan 62 da ɗoriya. Haɗa sparse da cikakken matiriks cikakke yake haifarwa, shi ya sa eye da diag na talakawan jeri ba su da wuri a nan, speye da spdiags ne nasu. Idan kina son yi wa lambobin gaske kaɗai wani aiki, spfun na nan. Kafin kowane umarni ki tambayi kanki me zai yi wa sifili.

Sai dai in kika buga A\b a kan matiriks ɗin da muka gina yanzu, zai yi miki gargaɗi ko ya ba ki shirme, kuma da gaskiyarsa. Mun gina fili ne da ruwa ba ya shiga ba ya fita ta ko'ina, kuma ba mu faɗi tsayin ruwa a ko gida ɗaya ba, don haka amsar ba ɗaya ba ce. Dole ki ɗaure shi da wuraren da kika san tsayin ruwansu, kamar gaɓar kogin Gongola idan filinki ya kai can, ko rijiyoyin da kika auna a bakin iyaka. Ɗalibai da yawa sukan share layin kwancen irin wannan gidan su sa 1 a kusurwa. Amsa za ta fito, amma an yi asara babba. A ɗinmu yana da daidaito, abin da ke sama da layin kusurwa shi ne a ƙasansa kamar madubi, kuma wannan ne ke ba MATLAB damar amfani da hanyar warwarewa mai suna Cholesky, wadda ke cin kusan rabin wuri da rabin aikin hanyar gama-gari mai suna LU. Share layi ɗaya ya fasa madubin. Gara ki ware gidajen da kika sani a jerin s, waɗanda kike nema a jerin f, ki rubuta:

h(f) = A(f,f) \ (b(f) - A(f,s)*h(s));

Abin da ke faruwa a cikin wannan karkatacciyar sandar, wato alamar \, ya cancanci a zauna a kansa, domin shi zai nuna miki iyakar kwamfutarki. Warware lissafin yana nufin kawar da gidaje ɗaya bayan ɗaya, kuma duk gidan da aka kawar, maƙwabtansa da a da ba su da alaƙa sai alaƙa ta ƙullu a tsakaninsu, gurbin da yake sifili ya samu lamba. Ni ina kiran wannan cikowa. Ki ɗauki dillali a kasuwar Tudun Hatsi, wanda manoma ɗari da 'yan kasuwa ɗari duk ta hannunsa suke bi, ba su san juna ba. Idan aka ce shi zai fara barin kasuwar, sai ya haɗa kowa da kowa kafin ya tafi, littafi ya cika da sababbin alaƙoƙi. Idan kuwa aka sallami sauran ɗaya-ɗaya aka bar shi a ƙarshe, ba wata sabuwar alaƙa ko guda. Mutanen su ne, cinikin shi ne, jerin sallamar kawai ya bambanta. Injiniyoyin lantarki ne suka fara cin moriyar wannan sosai: a 1967 William Tinney da John Walker a Amurka suka nuna cewa fara kawar da tashar da ta fi ƙarancin maƙwabta yana sa a iya warware lissafin manyan layukan wuta a kwamfutocin wancan zamani. A 1973 kuma Alan George ya kawo dabarar tsaga fili biyu, a bar gidajen kan tsagar su zo a ƙarshe, a sake tsaga kowane rabi haka.

A naki filin, idan aka bi gidajen yadda kika ba su lamba, cikowar za ta kai lamba wajen miliyan 125, gigabayit 2 ke nan. Da jeri mai kyau ba za ta kai miliyan 20 ba. Alhamdu lillahi A\b yana sake jerin da kansa, ta hanyar manhajojin CHOLMOD da UMFPACK na Tim Davis da abokan aikinsa, don haka gida 250,000 a shimfiɗe aikin daƙiƙoƙi ne. Tarkon yana wajen wanda ya kira chol da hannunsa. R = chol(A) ba ya sake jeri, sai kin nemi amsoshi uku, [R,flag,P] = chol(A). Kuma kina iya sanin girman cikowar tun kafin ki shiga: r = amd(A); sum(symbfact(A(r,r))) zai ƙirga miki lambobin da za a samu ba tare da ya lissafa su ba. Ki ninka da 16 ki gwada da RAM ɗinki. Da wutar da ba ta da tabbas, wannan ƙirgen na minti ɗaya ya fi a tsunduma a ga abin da zai faru.

Idan za ki bi sauyin ruwa kwana-kwana, daga damina zuwa rani, kuma matiriks ɗin bai canzawa sai b, kada ki sa shi ya maimaita aikin sau 365. Ki rubuta dA = decomposition(A) sau ɗaya, sannan dA\b a kowace rana. Wannan umarnin ya shigo ne a MATLAB na 2017, a tsofaffi sai ki ajiye R da P ki yi ta amfani da su. Amma ki lura, idan ruwan da kike nazari ba a rufe yake da laka ta sama ba, kaurinsa yana sauyawa da tsayinsa, T ya sauya, A ma ya sauya, wannan rangwamen ya faɗi.

Inda labari zai canza shi ne ranar da malaminki ya ce ki ƙara zurfi. Duwatsun Kerri-Kerri da ke ƙarƙashin yankin nan yashi ne da laka a jere hawa-hawa, don haka ina kyautata zaton ranar za ta zo. Hawa 10 zai ba ki gida miliyan 2.5, kowanne da maƙwabta har shida. Matiriks ɗin kansa megabayit 300 ne ko kusa, zai zauna lafiya, amma cikowa a fili mai zurfi tana haɓaka da sauri ƙwarai fiye da a shimfiɗe, kuma gigabayit 8 zai iya gazawa. A nan sai a bar kawar da gidaje a koma hanyar kusantowa: a fara da hasashe, a yi ta gyara shi, kowane zagaye ba ya buƙatar komai sai ninka A da jeri ɗaya, babu cikowa sam. Ga matiriks mai madubi irin naki, hanyar da Hestenes da Stiefel suka fitar a 1952 ita ce gaba, a MATLAB sunanta pcg. Manhajar MODFLOW ta hukumar binciken ƙasa ta Amurka, wadda masana ruwan ƙasa ke aiki da ita tun 1984, ita ma tana da wannan hanyar a cikinta.

L = ichol(Aff);
[x,flag,relres,iter] = pcg(Aff,g,1e-8,3000,L,L');

Aff shi ne A(f,f), g kuma ɓangaren dama da muka gyara ɗazu. ichol yana yin Cholesky na gaggawa da ke watsar da cikowa, ya zama ɗan jagora da ke rage yawan zagaye sosai, musamman inda yashi da laka suka bambanta da ninki dubbai. Abin da nake so ki riƙe da hannu biyu shi ne flag. Idan ba ki faɗa wa pcg iyakar zagaye ba, 20 kawai yake yi ya tsaya, alhali fili irin naki ɗaruruwa yake buƙata, wani lokaci fiye da dubu. Zai miƙo miki lambobi, ki zana taswira mai kyan gani, amma ba amsar ba ce. Na ga irin wannan taswirar a daftarin kundin wani ɗalibi, ruwa yana hawa tudu a cikinta, kuma abin ya dame ni ƙwarai, domin da irin taswirar nan ake zaɓar inda za a kashe kuɗin al'umma a haƙa rijiya. Sifili a flag shi ne an kai gaci, 1 na nufin zagaye ya ƙare ba a kai ba. Idan wata rana kika ƙara tafiyar gurɓata a cikin ruwa, madubin zai fashe, sai ki bar pcg da ichol ki koma gmres ko bicgstab tare da ilu.

Idan lasisin MATLAB ya zame miki matsala, GNU Octave kyauta ne, kuma layukan ginin da na rubuta a sama za su yi aiki a cikinsa yadda suke. A Python kuma scipy.sparse ne: ki gina da tsarin coo, wanda shi ne jeri ukun nan, ki mayar csr ko csc kafin lissafi, ki riƙa ninkawa da alamar @. Ki tuna dai MATLAB ta layin tsaye yake ajiya, don haka ciro A(:,j) ya fi A(i,:) sauri nesa ba kusa ba. Tunda naki mai madubi ne, duk sanda kike son layin kwance ki ciro na tsayen da ke da lambarsa.

Kafin ki taɓa gida 250,000, ki sa k = 20. Matiriks 400 sau 400 ne, kina iya buɗe shi da full(A) ki karanta. Ki ba kowane gida T iri ɗaya, ki ɗaure gefen gabas a mita 300, na yamma a mita 280, ba rijiya ba ruwan sama. Dole tsayin ruwan ya gangara a miƙe daga wannan gefe zuwa wancan, kowane layi daidai da ɗan'uwansa. Idan ya yi haka sai ki ɗaga k zuwa 100, sannan 500, kina duban nnz da whos a kowane mataki, kina adana h da save bayan kowane wata na lissafi saboda ɗauke wuta. Idan kin kai nan, ki turo mini hoton spy(A) da abin da symbfact ya ƙirga, mu duba tare ko hawa 10 ɗin zai shiga ta A\b ko sai mun bi ta pcg. Allah Ya ba da sa'a.